Wane ne waliyyin ɗalibai: Toma Akwinas ko Yusufu na Kupatino?

Tambaya: Malam, jarrabawa ta ƙarato. A coci na ji an ce Toma Akwinas ne waliyyin ɗalibai, amma gwaggona ta ba ni addu'ar wani Yusufu na Kupatino, ta ce shi ne. Wanne zan ɗauka?

Amsa: 'Yata, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa dai da fagensa.

A hukumance Toma ne. A 1880 Paparoma Leo na 13 ya ayyana shi majiɓincin makarantu da jami'o'in Katolika. Ɗan Italiya ne, an haife shi wajen 1225, ya rasu a 1274. Ƙato ne, ga shi shiru-shiru, har abokan karatunsa a birnin Kolon na Jamus suka laƙaba masa "beben sa", wato bijimin da ba ya magana. Malaminsa Albat ya ce musu wata rana kukan wannan sa zai cika duniya. Har yau kuwa duk mai karatun zama fada, wato limamin cocin Katolika, sai ya sha fama da littattafansa.

Amma na gane abin da ya sa gwaggonki ta fi son Yusufu, ni ma labarinsa ya fi taɓa ni. An haife shi a 1603 a kudancin Italiya. Karatu bai shige shi ba ko kaɗan. Yakan tsaya baki sake yana kallon sama, yara suna yi masa dariya. Ya shiga gidan 'yan zuhudu na Kafucin, bayan wata takwas suka sallame shi, don ko kwanuka aka ba shi ya kai sai ya sake su su farfashe. Daga baya wasu 'yan Faransiskan suka karɓe shi, suka ba shi kiwon alfadari.

A nan ya dage da karatu, yana haddace ɗan abin da kansa zai iya ɗauka. Kamar yadda aka ruwaito, ranar jarrabawa bishop ya buɗe Bishara, ya faɗa kan Luka 11:27, inda wata mata ta sa wa mahaifiyar Yesu albarka. Ita ce ayar da Yusufu ya iya bayaninta tsaf. A jarrabawar zama fada kuma, na farko-farko suka amsa da kyau, bishop ya ce sauran ma sun wuce. Aka naɗa shi fada a 1628.

Shi ya sa masu fargabar jarrabawa suke roƙon ya yi musu addu'a. Sai dai wasu kan manta cewa ayar nan da aka tambaye shi, ya riga ya sha wahalar koyonta.

An kuma ba da labarin yakan tashi sama yana cikin addu'a, abin da ya sa hukumar coci ta bincike shi, ta ɓoye shi daga jama'a shekaru da dama. Ya rasu a garin Osimo a 1663, aka ayyana shi waliyyi a 1767. Ana tunawa da shi ran 18 ga Satumba, Toma kuwa ran 28 ga Janairu. Ki riƙe takardar gwaggo, ki gaishe ta.