Tambaya da Amsa: Ina zaune a ƙauye, yaya zan riƙa jin labari da ɗumi-ɗuminsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni wakilin wani gidan rediyo ne, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo a Jigawa. Sau da yawa abu zai faru a yankinmu, sai editana da ke Dutse ya riga ni ji. An ce akwai manhajojin da 'yan jarida ke bibiyar labarai da su. Waɗanne za su fisshe ni, ga data da tsada, ga sabis ba ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwai su, kuma waɗanda za su yi maka amfani kyauta ne.

Fara da Google Alerts. Za ka rubuta kalmar da kake son a sa maka ido a kanta, duk lokacin da ta fito a wani shafin labarai sai saƙo ya shigo imel ɗinka. Ka zaɓi a turo maka nan take, ba sau ɗaya a rana ba. Inda wakilanmu ke yin sake shi ne rubutun sunaye. Wani zai rubuta Hadejia, wani Hadeja, wani Haɗeja, ita kuwa manhaja ba lallai ta gane gari ɗaya ake nufi ba. Ka saka kowanne daban, ka ƙara Auyo, Kafin Hausa, Miga da Kaugama, sannan kalmomi irin su ambaliya, gobara da kwalara, da Hausa da Turanci. Don tsimin data kuma, Feedly ko Inoreader za su tara maka kanun Aminiya, Daily Trust da Premium Times wuri guda, ka buɗe wanda ya shafe ka kawai.

A Facebook da X, ka kunna ƙararrawar shafukan rundunar 'yan sandan jiha, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA), hukumar hasashen yanayi (NiMet) da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Idan wani ya ce maka CrowdTangle, manhajar bibiyar abin da ke yawo a Facebook, tsohon zance ne, kamfanin Meta ya rufe ta a watan Agustan 2024. TweetDeck, ta bibiyar saƙonnin X, ta koma X Pro, tun 2023 sai da kuɗi. Su Meltwater da Dataminr na manyan kafafe ne, kada ka wahalar da aljihunka.

To amma ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Duk waɗannan abin da aka riga aka wallafa suke gani. Ba sa shiga WhatsApp, ba sa jin saƙon murya, alhali labarin karkara ta nan yake fara yawo. Ka tuna daren da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mutanen gari, direbobin hanyar da ma'aikatan asibitocin da aka kwashi masu ƙuna zuwa can sun san abin da ke faruwa tun kafin wata jarida ta rubuta layi ɗaya.

Saboda haka ka zauna da littafi ka rubuta mutanenka gari-gari: ɗan yuniyan a tasha, mai unguwa, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ɗan sintiri, dillalin da ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kai da ke Auyo, ruwa ne babban labarinka. Abin da ya baro madatsun Tiga da Challawa sai ya ratsa Wudil da Ringim kafin ya iso muku. Masunci ɗaya a Wudil da zai ce maka "yau kogi ya shanye matakalar da muke ɗaure kwalekwale" ya ba ka labari tun bai ƙaraso gonakin shinkafarku ba. Ka riƙa kiransu kuna gaisawa ko babu komai, kada sai ranar da kake da buƙata.

Sai tantancewa, don sauri ba hujja ba ne idan ka sa ƙarya a iska. Hoton ambaliya ya shigo maka, ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko na shekarun baya ne ko na wata ƙasa. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi ka ɗauki hoton allo ka bincika haka nan. Ka duba lambar mota, allon shago, da irin Hausar da ake yi a ciki. Shafukan tantance labarai na Dubawa da Africa Check ma suna bin diddigin irin waɗannan jita-jita. Batun adadin mamata kuwa, kada ka faɗe shi sai ka ji daga asibiti, 'yan sanda ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA), kuma ka ambaci wanda ya ba ka shi a cikin rahoton.