Kar ka bari, amma ka san wanda ya ba ka zaure

Salamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka fara koya wa yaran unguwa karatu kyauta bayan an tashi lakwal, kun fara da 30 yanzu saura 8, kana tambaya ko ka haƙura. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Kar ka bari.

Ni a unguwar Bukoki ta Yamai na yi nawa, lokacin ina jami'ar Abdou Moumouni. Kullum da la'asar sai na tsallako gadar Kennedy, wani lokaci ma a ƙasa in ba kuɗin taksi. Wani dattijo ya ba mu zaurensa, ya yi ta sa mini albarka, allo da alli kuwa daga aljihuna suka fito. Muna wata na 5 yara suka fara raguwa, na ɗauka ni ne ban iya ba. Har kwana nake ina tunani. Ran nan muna tsakiyar lissafi wata uwa ta faɗo zauren, ta ce in ji tsoron Allah, na ce kyauta ne amma ina karɓar dala 100 (wato sefa 500) kowane wata a kan kowane yaro, ita ƴaƴanta 3, ina za ta samo? A gaban yara fa! Ashe dattijon nan ne yake bi gida-gida yana karɓa da sunana. Mutumin da nake durƙusawa in gaishe shi, nake ce masa Baba. Da na tunkare shi ko kunya bai ji ba, ya ce ai kuɗin tabarma ne da wuta. Tabarmar ma ni na saya. Har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci, don akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƴar CM2, ajin ƙarshe na firamare, da aka cire saboda kuɗin nan, aka maida ta talla, ba ta ƙara dawowa ba.

Saboda haka ka taka da ƙafarka gidan kowane yaro da ya daina zuwa, ka gaida iyaye, ka faɗa da bakinka cewa ko dala ba a biya. Ka sanar da mai unguwa da limami. Ni ban yi haka ba tun farko.

Kuma ka duba lokacinka. In ya ci karo da makarantar allo, kai ne za ka sha ƙasa, kuma daidai ne. Alhamis da Juma'a malam yana hutu, ka kama waɗannan ranakun. Ƴan mata kuwa aikin gida da talla ke riƙe su, sai ka roƙi uwayen ko awa 1 ne.

Wani abin da ya daɗe yana ci mini rai: za ka ga yaro ya gama firamare ya shiga kwaleji, ka ba shi layi biyu na Faransanci ya kasa haɗa baƙaƙe. Ba daƙiƙi ba ne, a gida Hausa ko Zabarmanci yake ji, ajinsu kuma cike maƙil, wasu ma a rumfar zana suke zaune a ƙasa. Irin wannan yaron kunya ke korarsa, musamman in ka tsayar da shi gaban ƙannensa. Ka ware su gefe, ka yi bayani da Hausa tukuna, sannan ka koma Faransancin. Kuma don Allah ban da bulala, ta ishe su.

Zafin Afrilu da azumi ma suna korar yara, amma da BEPC, jarrabawar gama kwaleji, ta matso za ka ga ƴan aji na ƙarshe sun dawo da gudu. Ka nemi aboki ko ɗaya a fadarku ya riƙa kama maka, don ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sati 2, zauren rufewa ya yi.

Yaran nan 8, wane aji suke? Ina da tsoffin takardun jarrabawa a kwali, in kana Yamai sai in kawo maka.