Wa ke zaɓen waɗanda suke cin lambar Emmy?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Duk watan Satumba nakan ga labarin bikin Emmy na Amurka. Shin masu kallo ne suke jefa ƙuri'a? Sau da yawa shirin da kowa ke magana a kansa ko sunansa ba na gani, sannan The Bear, wanda babu komai cikinsa sai tashin hankali da ihu a kicin, ya ci a rukunin barkwanci. Kuma shirye-shiryenmu na Hausa masu dogon zango za su iya shiga?"

Amsa: Malam, mai kallo ba shi da ƙuri'a ko ɗaya a Emmy, wato lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin. 'Yan sana'ar ne suke zaɓen junansu. Bikin da kake gani a Satumba na ƙungiyar Television Academy ne da ke Los Angeles, mai mambobi sama da 20,000: 'yan wasa, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu kwalliya, har masu haɗa sauti. An fara bikin a ranar 25 ga Janairu, 1949. Akwai wasu Emmy ɗin daban, na shirye-shiryen rana da wasanni da labarai, waɗanda wata ƙungiya a New York take rabawa, kada ka haɗa su da wannan.

An kasa mambobin gida-gida bisa sana'a. 'Yan wasa ne kaɗai suke zaɓen gwarzon jarumi da jaruma, daraktoci su zaɓi darakta, marubuta su zaɓi rubutu. A manyan rukunai irin su gwarzon dirama da gwarzon shirin barkwanci ne kowa yake da ta cewa. Zaɓen kuma zagaye biyu ne. A watan Yuni ake yin na farko don tace waɗanda za su fafata, a sanar da sunayensu a Yuli, a koma zagaye na biyu a Agusta. Duk ta intanet ake yi, kamfanin akantoci na Ernst & Young ne yake ƙirgawa, shi ne kuma yake riƙe da ambulan har daren bikin.

Amsar ɓacewar shirin da kake so yawanci tana cikin kalanda. Shekarar Emmy takan fara ne ranar 1 ga Yuni ta ƙare 31 ga Mayu na shekara mai zuwa. Shirin da ya fito a Yuli, komai tashensa, sai ya jira bikin baɗi. Dirama ko barkwanci kuma sai an nuna aƙalla kashi shida nasa kafin a rufe ƙofa. Shi ya sa za ka ga tashoshi da kamfanonin nuna fim ta intanet suna rige-rigen sakin manyan shirye-shiryensu a Afrilu da Mayu, don kada masu zaɓe su manta. Yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 ya ƙara dagula lissafin: an ɗage bikin shekarar zuwa 15 ga Janairu, 2024, aka sake yin wani a Satumbar 2024. Lambar da The Bear ya ci a Janairun ta zangonsa na farko ce, wanda ya fito tun Yunin 2022, alhali mutane sun daɗe da kallon na biyu.

Sannan babu wanda ake ɗaukowa haka kawai. Dole a shigar da shiri ko ɗan wasa, a cike takarda, a biya kuɗi, a faɗi rukunin da ake nema. Yawan waɗanda aka shigar shi ke yanke yawan gurabe: idan sun kai 20 zuwa 80 a ɗauki biyar, 81 zuwa 160 shida, 161 zuwa 240 bakwai, sama da haka takwas. Gwarzon dirama da na barkwanci su kam takwas-takwas ne kullum.

Rukuni shi ne inda ake yin dabara, nan kuma tambayarka ta The Bear ta faɗo. A 2015 ƙungiyar ta kafa doka cewa shirin rabin awa barkwanci ne, na awa guda dirama ne, sai dai in an ɗaukaka ƙara. Dokar ta haifar da abin mamaki: Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci lamba a rukunin barkwanci a 2014, ta sake ci a rukunin dirama a 2015, duk da rawa ɗaya a shiri ɗaya, Orange Is the New Black. An soke dokar a 2021, aka bar wa masu shiri su zaɓa. The Bear yawancin kashinsa rabin awa ne, masu shi suka kai shi barkwanci inda gasar ta fi sauƙi. A ganina ƙorafinka yana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ba ne, domin a Satumbar 2024 masu zaɓe sun ba Hacks kambun, shirin da ake dariya da gaske.

Akwai kuma rukunin gajeren shiri, wanda labarinsa yake ƙarewa a zango ɗaya, kashi biyu ko fiye, jimillar minti 150 aƙalla. Wanda ya shiga nan sannan ya dawo da ci gaban labarin, sai a mayar da shi dirama ko barkwanci, kamar yadda ya faru da The White Lotus bayan 2022. Shōgun shi ma da farko a matsayin gajeren shiri aka yi shi, da aka sanar za a ci gaba ya koma dirama, ya kwashe lambobi 18 a 2024, adadin da babu zangon da ya taɓa samu. Mafi yawansu ba a daren da ake nunawa kai tsaye ya karɓa ba. Lambobin fasaha, irin su sutura da sauti da tace hoto, ana raba su ne mako guda kafin nan a wani biki na kwana biyu.

Wani abin da ke kayar da gwani shi ne kashin da ya miƙa. A zagayen ƙarshe ɗan wasa kashi ɗaya yake zaɓa a auna shi da shi. Wanda ya yi wasa mai kyau a hankali tsawon zango, ba tare da wata fitowa ta kuka ko faɗa ba, yakan sha ƙasa a hannun mai fitowa ɗaya mai zafi. Idan kuma mutum biyu ko uku daga shiri ɗaya suka shiga rukuni ɗaya, suna iya raba ƙuri'ar masoyansu, na gefe ya wuce. Ga kuɗin kamfe: allunan talla a titunan Los Angeles, tallace-tallace a mujallun sana'ar, tarukan kallo da ake gayyatar mambobi. Mai zaɓe ba zai iya kallon ɗaruruwan shirye-shirye ba, wanda aka kawo masa gaban ido shi yake tunawa.

Batun shirye-shiryen Hausa, harshe ba shi ne shinge ba. Squid Game da harshen Koriya aka yi shi, jaruminsa Lee Jung-jae kuma ya ci gwarzon jarumin dirama a 2022. Sharaɗin shi ne a yi shirin don kasuwar Amurka ko da haɗin gwiwar kamfanin can tun daga tushe. Shirin da aka yi a Kano aka fara nunawa a tashar gida, ƙofarsa ita ce International Emmy, wanda wata ƙungiya ta uku take shiryawa a New York duk Nuwamba don shirye-shiryen da aka yi a wajen Amurka. Can alƙalai ne daga ƙasashe daban-daban suke tacewa a zagaye uku. Furodusa ko tasha ce za ta shigar da shirin, ta biya kuɗin shiga, ta kuma sa fassarar Turanci a ƙasan allo.