Muryar WhatsApp: Amsa ga Yaya kan karatun likitan ƙafa

Salamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Yaya, na ji saƙonki tun da safe, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce yaronki ya kafe shi likitan ƙafa zai zama, kina tambaya ko akwai wannan karatu ko dai abin da ya tsinta a waya ne. To akwai shi wallahi, kada ki kashe masa gwiwa.

Fodiyatiri ake ce wa fannin. Aikinsu daga idon sawu ne zuwa yatsu: targaɗe, ciwon diddige, farcen da ya nutse cikin nama, gyambo, har jaririn da aka haifa ƙafarsa a lanƙwashe. Kin ga ƙafar nan da muke rainawa, ƙasusuwa 26 ne a cikin guda ɗaya, da gaɓoɓi 33.

A Amurka karatun da tsawo. Digirin farko shekara 4, makarantar fodiyatiri shekara 4, sannan horo a asibiti shekara 3, kuma har tiyata suke yi. A Ingila digiri ne na shekara 3. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Johannesburg tana koyar da shi. Mu nan gida kuwa, likitocin ƙashi da na ciwon suga da mu ma'aikatan jinya ne muke raba aikin a tsakaninmu. Don haka hanyar da ta fi kusa da shi ita ce ya nemi karatun likita, ko nan ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, shekara 6, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sai ya ƙware a ɓangaren ƙashi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yanzu dai ya riƙe bayoloji da kemistiri da fiziks da kyau.

Amma bari in gaya miki abin da ya sa na ji daɗin maganar yaron nan. Ni da nake wankin ciwo kullum, ba abin da ke tayar mini da hankali kamar ƙafar mai ciwon suga. Suga idan ya daɗe yana sama, yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, jini kuma ya rage isa ƙafa. Akwai wani dattijo da aka kawo mana, ƙusa ce ta huda takalminsa, ya wuni yana yawo a kanta bai sani ba, sai da matarsa ta ga jini a tabarma. Aka yi ta barbaɗa gari ana ɗaurewa da tsumma. Ranar da suka zo, yatsu sun yi baƙi, wari ya cika ɗaki. Daga ƙasan gwiwa aka yanke. Mutumin nan manomi ne fa, Yaya. Har yau in na tuna yadda ya riƙa shafa wurin sai in ji hawaye.

Shi ya sa, tunda kowa yana ji, maganar Baba da ciwon sugansa nake so mu ɗauka da gaske, ga hunturu ya kawo kai. A duba ƙafarsa kowace rana, tafin da tsakanin yatsu. In ya yi alwala a tsane tsakanin yatsun da tawul. A shafa masa man kaɗanya a diddige saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta, zai iya ƙonewa bai ji ba. Ruwan wanka ma wani ya fara taɓawa da hannu. Ya daina fita tsakar gida ba takalmi, kuma a zazzage takalmin kafin ya sa. Masu yankan farcen nan da ke bi layi-layi da wuƙa ɗaya, don Allah a sallame su, kaushi ma ba a yanke shi da reza. In an ga ƙurji ko kumburi ko wurin ya canza launi, ko ba ya masa zafi, a ranar za a kai shi asibiti.

Yauwa Yaya, ki ce wa yaron ya zo gida ranar Asabar bayan la'asar, mu zauna da shi, kuma ya taho da sakamakon jarabawarsa in gani. A gaida yara.