Me ya sa mabiya Hindu ke tura gunkin Durga cikin kogi bayan biki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun jinya a Indiya. Wata ƙawata 'yar Kolkata ta nuna min bidiyo: an ɗauko katafaren gunkin mace mai hannaye goma a babbar mota, ana kiɗa ana rawa, wasu mata na hawaye, aka kai shi bakin kogi aka tura cikin ruwa. Abin ya ɗaure min kai. In suna girmama shi, don me za su jefar da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da kika gani ranar ƙarshe ce ta bikin Durga Puja, bikin da ya fi kowane girma a jihar Bengal ta Yamma, inda birnin Kolkata yake. Yana faɗowa ne a watan Ashwin na kalandarsu, tsakanin Satumba da Oktoba. Zan faɗa miki abin da masu yin sa suka yi imani da shi, yadda su suke faɗinsa, domin kina zaune cikinsu kuma sanin abin da maƙwabci yake nufi da aikinsa ya fi yi masa fassarar da ba tasa ba.

A littafinsu mai suna Devi Mahatmya akwai labarin wani mugun aljani mai siffar ɓauna, Mahishasura, wanda ya gagari allolinsu maza. Sai suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, mace ta fito, kowa ya miƙa mata makaminsa. Ita ce Durga. Shi ya sa kika ga hannaye goma, kowane da makami, ga zaki a ƙarƙashinta, ga aljanin a ƙasa mashi ya soke shi.

Amma wannan labarin yaƙi bai bayyana hawayen matan nan ba. Hawayen daga wani wuri suke. Mutanen Bengal suna ɗaukar Durga a matsayin 'yarsu da aka aurar nesa, can dutsen Kailash wurin mijinta Shiva, wadda take zuwa ganin gida sau ɗaya a shekara tare da 'ya'yanta huɗu: Lakshmi, Saraswati, Ganesha da Kartikeya. Kwana biyar kawai za ta yi. Duk wanda ya taɓa raka 'yar uwarsa tasha bayan ta zo ganin gida zai gane irin kukan da ake yi a rana ta biyar. A wannan rana, wato Dashami, rana ta goma ta watan, matan aure sukan sa fararen kaya masu jan baki, su shafa wa gunkin jar hoda a goshi, su taɓa masa alawa a baki, sannan su shafa wa junansu hodar har fuska ta yi ja wur. Suna kuma rangaɗa guɗa, da harshe, kusan irin tamu. Sallama suke yi.

Shi kansa gunkin ba a yi shi don ya dawwama ba. Akwai unguwar magina a arewacin Kolkata mai suna Kumartuli. In kin shiga lungunanta watanni kafin biki za ki tarar da ƙwarangwal na gora da itace, an ɗaure shi da bambaron shinkafa, ana lafta masa laka daga kogin Hooghly kashi-kashi, ana jira ta bushe. Ba a gasa shi a wuta kamar tukunya. Idanu ne abin da ake zanawa da taka-tsantsan, kuma bisa al'ada a ranar Mahalaya ake zana su, kimanin mako guda kafin biki. A imaninsu, limamin ibadarsu ne yake gayyato Durga ta sauka cikin lakar, ranar ƙarshe kuma ya sallame ta. Bayan nan abin da ya rage laka ce, sai a mayar da ita kogin da aka ɗebo ta. Masu rakiya kan ɗaga murya da harshen Bengali cewa baɗi ma za a sake.

A tsakanin saukar da sallamar akwai abubuwa da yawa. Ana kai ɗanyen icen ayaba bakin kogi da asuba a yi masa wanka a naɗa masa zane. A mahaɗar rana ta takwas da ta tara ta watan akwai ibadar minti 48 da ake kunna fitilu 108. Ana kaɗa manyan gangunan da suke kira dhak, samari da 'yan mata na rawa riƙe da kaskon turare mai ci da ɓawon kwakwa. Ana raba dafa-dukan shinkafa da ƙananan wake ga duk wanda ya zo.

Abin da ya fi burge ni shi ne rumfunan da ake ajiye gumakan a ciki. Da can bikin na gidajen attajirai ne, sannan ya koma hannun jama'ar unguwa, su yi karo-karo su kafa rumfa ta gora da yadi, wata kamar fada, wata kamar jirgi, mutane su kwana suna yawo daga wannan zuwa waccan. Dubban magina, masu lantarki, maɗinka da makaɗa daga ƙauyuka da wannan lokaci suke ci a shekara. A Disambar 2021 hukumar UNESCO ta sa Durga Puja ta Kolkata cikin jerin al'adun gargajiya na duniya.

Akwai matsala guda da ba zan ɓoye ba: fenti da kayan ado suna gurɓata kogin. Saboda haka yanzu a manyan mashigan ruwa na Kolkata ana ajiye injin ɗaga kaya, da an tsoma gunkin sai a tsamo shi.

In jihar da kike karatu ba Bengal ba ce, za ki ga lokacin da wata kama. A Gujarat raye-rayen garba ake yi dare tara, suna kiransa Navaratri. A Delhi da kewaye kuwa, a rana ta goma ƙona mutum-mutumin Ravana, wani mugun sarkin aljanu a labaransu, suke yi.