Ciyar da yaron da ya cika 18 yana sakandare

Hajiya, kin tambaya ko uban zai iya yanke kuɗin ciyarwa tunda yaron ya cika 18 yana SS3. Fara duba takardar hukuncin kotu kan ciyarwar, wace rana aka rubuta za ta ƙare? In auren rajista ne, dokar shari'ar aure ta 1970 ta bar kotu ta sa a ciyar da yaro har 21. In na Musulunci ne, kotun yanki a nan Abuja za ki koma. A Malikiyya uba na ciyar da namiji har sai ya balaga yana iya neman na kansa, mace har sai ta tare gidan miji.

Ki shigar da buƙatar ci gaba da ciyarwar a kotu tun wa'adin bai ƙare ba, da wasiƙar makaranta da rasit ɗin WAEC ko NECO. Alkawarin baki shi ke kayar da mutane, ranar musu babu shaida.