Ƙaramar hukuma ta ce ba ta da kuɗin wasan kwaikwayo: haƙƙinmu ne aka hana mu?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo da karatun littattafai. Mun rubuta wa ƙaramar hukumarmu takarda muna neman tallafi don mu shirya wasa a ƙarshen shekara, sai aka ce mana babu kuɗin irin wannan, ga hanyoyi da magudanan ruwa suna jiran gyara. Wasu daga cikinmu na ganin an tauye mana haƙƙi, wasu kuma sun ce dama can ba aikin ƙaramar hukuma ba ne. Su wa ke da gaskiya? A wasu ƙasashen kuma yaya ake yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Waɗanda suka ce ba dole ba ne sun fi kusa da abin da doka ke cewa a yawancin ƙasashe, ko da yake maganar ba ta ƙare a nan ba.

Ayyukan ƙaramar hukuma iri biyu ne. Akwai waɗanda doka ta ɗora mata, in ta yi sakaci da su ana iya tuhumarta. Akwai kuma waɗanda doka ta ba ta damar yi in ta ga dama. Kwashe shara da kula da tituna suna cikin kashi na farko kusan ko'ina, wasan kwaikwayo da kiɗa da zane da gidan tarihi kuwa galibi a kashi na biyu suke. A Ingila, wata doka ta 1964 ta wajabta wa hukumomin yankuna samar da ɗakunan karatu na jama'a, amma gidajen tarihi da gidajen wasa an bar su a kan zaɓi. Amfanin sanin wannan bambanci yakan fito ne ranar da lalita ta bushe. A watan Satumba na 2023 majalisar birnin Birmingham, wadda ta fi kowace girma a Biritaniya, ta shelanta cewa kuɗinta ba za su iya ɗaukar nauyin da ke kanta ba. Kasafin da ya biyo baya ya tanadi yanke rabin tallafin da ake ba manyan ƙungiyoyin fasaha na birnin a shekarar farko, sannan a janye shi gaba ɗaya a ta biyu. Babu dokar da aka karya da yin haka.

A Jamus ma al'adu aikin ganin dama ne ga garuruwa, duk da cewa garuruwan da jihohi su ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin da gwamnati ke kashewa a wannan fanni. Jihar Saksoni ce ta fita zakka, da dokar da ta fara aiki a 1994 wadda ta mayar da kula da al'adu wajibi a kan garuruwa da gundumomi. A Najeriya, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙananan hukumomi: kasuwanni, tashoshin mota, tituna, lambuna da filayen shaƙatawa, raɗa wa tituna suna, kula da allunan talla, da sa hannu a ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a. Bai ambaci fasaha ko al'adu da suna ba. Amma ki lura da abin da ke cikin jerin, fili da lambu da ilimin manya da allon talla, domin zan dawo kansu.

Saboda haka jami'in da ya ce muku babu kuɗi wataƙila gaskiya ya faɗa, sai dai a taƙaice. Kuɗin hukuma ba a dunƙule suke a akwati ɗaya ana ɗiba ba. Kowane kashi an sa masa suna a kasafi tun kafin shekara ta kama, kuma ma'aji ba shi da hurumin ɗaukar na magudanar ruwa ya ba masu wasa, ko da wasanku ya burge shi. Takardar da ta iso ana saura watanni kaɗan a rufe shekara tana neman abin da ba a sa masa suna ba, amsarta ɗaya ce ko'ina a duniya. Lokacin magana shi ne lokacin da ake tsara kasafin baɗi, sa'ad da sassa ke miƙa buƙatunsu kuma kansiloli ke muhawara a kai. Ku binciki watannin da ake wannan aiki a wurinku, ku ɗaura ɗamarar zuwa kafin a rufe.

A ganina kuma kun nemi abin da ƙaramar hukuma ta fi ƙarancinsa, kun bar abin da ta fi kowa yawansa. Tsabar kuɗi ita ce ta fi wuya a hannunta. Amma tana da zauren taro da yake kwana a rufe mafi yawan ranakun mako, tana da azuzuwan makaranta da babu kowa ciki bayan an tashi, tana da filaye, wani lokaci da ɗakin karatu, ga tsofaffin gine-ginen da aka daina amfani da su. Ita ce ke ba da izinin taro a fili da na rufe titi na 'yan sa'o'i, ita ke karɓar kuɗin liƙa talla, kuma tana iya yafe shi. Ki zauna ki lissafa abin da ƙungiyarku ke kashewa a shekara, za ki tarar hayar wurin gwaji da wurin nuna wasa ta cinye kaso mai tsoka. Ƙungiyar da aka ba mabuɗin ɗaki na yamma biyu a kowane mako ta samu abin da ya fi tallafin rana ɗaya daraja, domin wurin haɗuwa na dindindin shi ke riƙe mutane. Matasa sukan watse idan kullum sai an tambayi ina za a haɗu yau. Ga jami'in ma wannan roƙo ya fi sauƙin amsawa, tun da ba sai ya taɓa kasafi ba.

Sharaɗi ɗaya zan kafa muku a nan: a rubuta. Izinin baki yana tafiya ne tare da wanda ya bayar, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko aka yi zaɓe, sai ku tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Takarda mai shafi ɗaya ta wadatar, a faɗi ranaku da lokuta, da wanda ke biyan wuta da ruwa, da wanda ke gyara in wani abu ya lalace, da tsawon wa'adi, da yawan kwanakin sanarwa kafin a tashe ku. Wasu ƙasashen sun kai ga sa irin wannan kariya a doka. A Ingila wata doka ta 2011 ta ba jama'ar unguwa damar sa a yi rajistar gini ko fili a matsayin mai amfani ga al'umma, ta yadda in mai shi ya tashi sayarwa za a iya dakatar da cinikin har wata shida don su haɗa kuɗi su taya.

Akwai kuma wani abu mai arha da mutane ke rainawa, wato wasiƙar goyon baya. Gidauniyoyi da ofisoshin raya al'adu na ƙasashen waje da kamfanoni sukan so su ga cewa hukumar yankinku ta san da ku. Da yawansu ma suna lissafa zauren da aka ba ku kyauta a matsayin gudummawar hukuma, su ɗora nasu a kai.

Game da yadda ake yi a wasu wurare, garuruwan da suka daɗe suna tallafa wa fasaha ba su dogara da kirkin shugaba ba. Sun ɗaure kuɗin ne da wata ƙa'ida da ke aiki da kanta. Faransa tun 1951 take ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantu don aikin zane ko sassaƙa da za a sa a ginin, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran gine-ginen gwamnati. Birnin Filadelfiya na Amurka ya ɗauki irin wannan tsari a 1959. San Faransisko ta fara ware wa ƙungiyoyin fasaha wani kaso na harajin kwana a otal a 1961, bisa hujjar cewa baƙin da ke zuwa kallo su ma su sa hannu. A yankin birnin Denba na Amurka kuwa masu zaɓe ne da kansu suka amince a 1988 a ƙara musu kashi 0.1 cikin 100 a harajin saye da sayarwa don gidajen tarihi da na wasa da ƙananan ƙungiyoyi, kuma sun sake sabunta shi da ƙuri'a. Kasonsu ƙanana ne ƙwarai, amma yana zuwa duk shekara, kuma ƙungiya tana iya tsara aikin shekara uku a kansa.

Zan ɗan kauce in yi magana kan manyan gine-gine, saboda shugabanni na son su. Tun da aka buɗe gidan kayan fasaha na Guggenheim a Bilbao ta Sifaniya a 1997 baƙi suka yi ta tururuwa, garuruwa da yawa suka ɗauka katafaren gini shi ne magani. Sun manta cewa Bilbao ta haɗa da jirgin ƙasa na cikin gari da tsaftace kogi da sabon ginin fasinjoji a filin jirgin sama. Medelin ta Kolombiya ta fi burge ni, domin a zamanin magajin gari Sergio Fajardo, daga 2004 zuwa 2007, unguwannin talakawa aka kai manyan ɗakunan karatu masu filin wasa da azuzuwan koyo. Amma ko a can, mafi shaharar su, wanda aka buɗe a 2007, sai da aka rufe shi shekaru saboda matsalar gini. Yanke zare rana ɗaya ne, albashin mai kula da wuri da kuɗin gyaran rufi kuwa kullum ne, kuma su ake fara mantawa a kasafi.

Yanzu ga hatsarin da ya shafe ku musamman, ku masu wasan kwaikwayo. Wasa mai daɗi yakan taɓa masu mulki. In tallafinku daga aljihun ofishin shugaba yake fitowa kai tsaye, ranar da kuka yi wasa kan kwatar da ba a gyara ba za ku gane kuɗin na da igiya. Wannan ne ya sa Biritaniya, lokacin da ta kafa majalisar fasaha ta ƙasa a 1946, ta bi tsarin da 'yan siyasa ke yanke yawan kuɗi, amma wasu mutane daban masu sanin fannin su zaɓi wanda za a ba. Ƙaramar hukuma na iya yin haka a ƙaramin mataki: a sanar da buɗe neman tallafi ga kowa, a faɗi sharuɗɗa, a naɗa kwamiti mai mutanen waje, a liƙa sunayen waɗanda suka samu da abin da aka ba su. Wata hanyar ita ce ta Porto Alegre a Barazil, inda a 1989 mazauna unguwanni suka fara taruwa su zaɓi ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin gari, bisa fahimtar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za ku nemi wani abu daga kansiloli wanda zai wuce ku ya amfani na baya, ku nemi irin wannan ƙa'ida ko da kuɗin da za a fara da shi kaɗan ne.

In kun tashi sake rubutawa, kada ku je ku kaɗai. Ku nemo sauran masu irin buƙatarku, ƙungiyar mawaƙa, masu zane, masu koyar da manya karatu, ku sa hannu tare. Ƙungiya ɗaya ana iya cewa 'yan neman na goro ne, ƙungiya shida masu mambobi a mazaɓu daban-daban sai an saurare su. Ku fara da kansilan mazaɓarku, shi ke da kujera a inda ake muhawara, sannan jami'in sashen da ke kula da walwalar jama'a ko ilimi, shi zai rubuta bayanin da za a karanta. Ku jingina buƙatarku da aikin da doka ta riga ta ɗora wa hukumar. Karatun littattafanku ilimin manya ne, wasanku a fili raya filin shaƙatawa ne. Kuna iya karɓar aikin faɗakarwa kan tsafta ko rigakafi a biya ku ladan aikinku, wannan kwangila ce mai tsabta, sai dai kada ya zama duk abin da kuke nunawa saƙon hukuma ne, 'yan kallo sukan gane da wuri su daina zuwa.

Kafin nan, Malama, ke da kike riƙe da littafin ƙungiya, ki tabbata kuna da rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda mutum biyu ke sa wa hannu, da rasit na duk abin da aka kashe, da adadin mutanen da ke halartar wasanninku na gaskiya ba ƙari. A takardar ku rubuta buƙata uku a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: zaure ko aji na ranaku kaza a mako, yafe kuɗin izini da na talla don wasan ƙarshen shekara, sannan a buɗe wa ayyukan al'adu gurbi a kasafin baɗi. Ku aika wa kansilan da jami'in katin gayyata zuwa wasan, ko sun amsa takardar ko ba su amsa ba, bayan an gama kuma ku kai musu rahoto mai shafi ɗaya da hotuna.